Gwaggo da Tablon Motarta

Gwaggo, yayar mahaifina, ta rasu da hantsi, kafin la'asar mun kai ta makwancinta. Da muka dawo daga maƙabarta aka kafa rumfa a ƙofar gida, aka shimfiɗa tabarmi, ƴan kasuwar Tamanrasset mutanen ƙasarmu suka fara zuwa gaisuwa. Ni nake zuba shayi, saboda haka babu maganar da ta wuce kunnena.

Wanda ya fara buɗe baki wani Alhaji ne mai sayar da atamfa, shagonsa na jikin nata. Ya shafa addu'a, ya girgiza kai, ya ce, "Allah Ya jiƙan Hajiya. Mace mai haƙuri. Tun da nake da ita ban taɓa jin ta ɗaga murya ba." Saura kaɗan in zuba masa shayin a cinya. Na kusa da shi ya karɓa, ya ce ai Hajiya kowa nata ne, ba ta da abokin faɗa. Wannan kuwa shekara da shekaru ba ya bin layin shagonta, sai dai ya zagaya ta wajen masu nama. Haka suka yi ta miƙa wa juna ƙarya kamar ana raba goro, kowa ya gutsura ya ba na gaba.

Gaskiya ɗaya ce ta fito a zaman nan, ita ma a ɓoye. Wani daga can gefe ya sunkuya ya ce wa ɗan'uwansa, "To yanzu wa zai riƙa wanke motar?" Suka cusa baki cikin rawani suna dariya. Wannan ita ce Gwaggon da suka sani, tsohuwar da ke goge mota da sassafe, abin nishaɗinsu in sun zauna shan shayi. Na ɗaga kai na dubi motocinsu da suka jera a titi cikin tsakar rana. Babu wadda allon gabanta bai tsage ba, babu wadda ba a tara wa ƙwallon dabino da tsofaffin takardu a kai ba.

Ɗanta, shi kaɗai Allah Ya bar mata, yana aikin buro, wato ofis, a babban birni. Sai washegari ya sauka daga jirgi, da baƙin tabarau. Ya yi kuka mai ƙara a tsakar gida, inda mata za su ji. Kafin a yi sadakar uku ya jawo ni gefe ya ce, "Shofer, ina makullin motar?" Ni ɗan kawunsa ne, a gida ɗaya aka haifi uwarsa da ubana, amma ban taɓa jin wani suna daga bakinsa ba sai wannan.

Abin da ya zaunar da ni rubutu ke nan. In aka bar mutanen nan, kafin arba'in za su mayar da ita wata tsohuwa mai sanyin hali wadda ba a taɓa haifa ba, ta gaskiyar kuma ta ɓace. Ni na zauna da ta gaskiyar. Ita zan faɗa.

Turare Gwaggo take sayarwa, na wuta da na kwalba, daga baya ta haɗa da dabinon da take sarowa a Abalessa. Ta yi shekaru tana cusa ƙullin kayanta a taksin haɗaka, direbobi suna yi mata tsawa, kafin ta sayi motar da guminta. Fara ce, mai kujeru layi biyu da buɗaɗɗen baya na ɗaukar kaya. Ba ta iya tuƙi ba, ba ta kuma taɓa sha'awar koyo ba. Sai ta aika Damagaram aka taho da ni, ina da mata da jariri, ta ba ni ɗaki a gidanta. Ranar da ta miƙo mini makulli ta ce, "Inji naka, tayoyi naka, hanya taka. Tablo nawa ne." Tablo shi ne allon nan na gaban mota, ƙarƙashin gilashi, inda agogon gudu da na mai suke. Na ɗauka maganar tsofaffi ce kawai. Washegari na gane.

Kullum bayan sallar asuba, tun rana ba ta leƙo ta bayan duwatsu ba, za ta fito da ƙaramin bokiti da ƙyallaye. Duk na tsohuwar rigar auduga ne da ta sha wanki har ta yi laushi. Da busasshe take farawa. Ba gogewa take yi ba, ɗauke ƙurar take yi a hankali, don ta ce ƙurar garin nan yashi ce, in ka danna ta sai ta karce wurin. Sannan ta tsoma na biyu a ruwa, ta matse har ya daina ɗiga, ta bi tablon daga wannan ƙarshe zuwa wancan. Ramukan da iska ke fitowa kuwa da burushin askin marigayi mijinta take share su. Ta busar da wurin da wani ƙyallen. Daga nan ta ɗauko wani baƙin zanen saƙi da ta gada wajen kakarmu, wanda ta sa tela ya yanka daidai faɗin tablon, ta shimfiɗa shi, ta lallaɓa gefensa da tafin hannu. Sai a lokacin nake da izinin shiga.

In muka tsaya ko'ina, akwai kwalin da ta yanka daidai gilashin gaba, dole in kafa shi kafin in cire makulli. Tagogi a bar su a buɗe faɗin yatsa, don zafin ciki ya samu hanya. A kasuwa, in babu inuwa, hancin motar ya juya wa rana baya, in rana ta karkata kuma in fito in sake juya ta. A gida ta sa aka yi wa motar rumfa da ganyen dabino, alhali madafinta a fili yake, ita da matata suna girki rana na dukan ƙeyarsu. Na taɓa yi mata maganar. Ta ce, "Ni in na ji zafi zan tashi. Ita za ta iya tashi?"

Dokokinta ba su da yawa, amma ba su da sassauci. Ba a taɓa tablo da ruwa in ya ɗauki zafi. Ba a kusantar da garin sabulun wanki. Ba a ajiye kofi, ba a ajiye waya, ba a jingina gwiwa. Ita da ke sayar da turare ba ta yarda a buɗe kwalba a cikin motar ba, don ta ga yadda ɗigo guda ke cin fatar robar ya bar farin tabo. Ta kan ce, "Rana ba ta fasa abu a yini ɗaya. Kullum kaɗan take ci, wawa kuma sai ranar da ya tsage yake cewa an yi masa baki."

Ba ta ware kowa a dokar ba. Wata rana muka rage wa limamin unguwa hanya, ta bar masa kujerar gaba ta koma baya don girmamawa. Yana zama ya ɗora carbinsa da wayarsa a kan saƙin. Ban ko tayar da motar ba na ji muryarta daga baya, cikin ladabi sosai: "Allah gafarta Malam, aljihun ne ya yage?" Liman ya kwashe kayansa, har muka isa bai ƙara motsi ba.

Shi kuma Alhajin atamfa, wanda bai taɓa jin ta ɗaga murya ba, ga yadda tasu ta kasance. Ya sayi wata ƙatuwar mota sabuwa, ya ajiye ta a bakin kasuwa inda kowa zai gani. Ya tarar da Gwaggo tana gyara kwalin gilashi, sai ya ce da ƙarfi don jama'a su ji, "Haba Hajiya, ki bar wa yara wannan aikin mana. Mace da girmanki kina hidimar mota kamar ƴar aiki." Ta taka har wajen motarsa, ta zura hannu ta taga, ta ja yatsa a kan tablonsa, ta ɗaga yatsan sama kowa ya ga abin da ya kwaso. Ta ce, "Alhaji, ko shekara ba ta yi ba ta fara furfura. Ka ba ta zafi biyu, za ta yi faso irin na ƙafarka." Duk layin atamfa suka sunkuyar da kai suka dubi dugadugansa. Daga ranar ya koma sa takalmi rufaffe, da zafi da sanyi. A wannan kam ya yi gaskiya, ba ta ɗaga murya ba. Ba ta da bukata.

Raini ne da ita, ba zan ɓoye ba. In aka kawo mata maganar wani zai shiga hulɗar kasuwa da ita, sai ta ce in je in leƙo mata gaban motarsa. In na dawo na ce ya tsage, ko ya yi maiƙo, ko an tara masa shara, magana ta ƙare. "Wanda abu ke gaban idonsa kullum bai gan shi ba, kayana da ke bayansa zai gani?" Na san mutanen kirki da ta yi wa wannan hukuncin ba su ci ba su sha ba. Na kuma san da yawa da ta yi daidai a kansu.

Rigimarta da ɗanta ma a kan tablon ta tashi. Ya zo hutu wata shekara, ita kuma ta riga mu tafiya Abalessa, ta kwana wajen iyalin mai garkar da take sayen dabino a hannunsa, suna biki. Aka yi da ni in je in ɗauko ta da kayan. Da safe na fito na tarar ya yaye saƙin ya jefa bayan mota, yana riƙe da wani gwangwanin feshi da ya zo da shi daga birni.

Na ce, "Yaya, Gwaggo ba ta sa wa wurin nan mai."

Ya ce, "Inna ba ta san zamani ba. Wannan tsumman ƙauye ne. Kai shofer ne, aikinka tuƙi."

Ya fesa har ya jiƙe, ya murza da hankicinsa. Tablon ya yi ƙyalli kamar an zuba man gyaɗa. Ya ja da baya yana kallo yana murmushi, kamar wanda ya gina masallaci.

Muna barin gari rana ta yi sama, ƙyallin nan ya tashi ya kwanta a jikin gilashi. Hanya ta koma fari fat, ina tuƙi ina ƙanƙance ido, ina leƙe ta gefe. A wata kwana ban ga raƙumin da ke tsaye a kan kwalta ba sai da ya cika gilashin. Na taka birki, motar ta ja gefe ta shiga yashi, shi kuma goshinsa ya bugi abin da ya shafa wa mai. Allah Ya tsare, raƙumin ya wuce abinsa. Kafin mu isa Abalessa ƙurar hanya ta manne a maiƙon, ƙyallin ya koma laka.

Gwaggo ta fito daga cikin garka, mai garkar da iyalinsa suna rako ta. Tun ba ta kai ga motar ba ta tsaya, don hancinta na mai turare ne. Ta buɗe ƙofa, ta duba, ta daɗe tana dubawa. Sannan ta juyo gare ni.

"Kai ne?"

Shi ya amsa. "Ni ne, Inna. Gyara na yi miki. Haka ake yi a birni."

Ta ce, "To madalla." Ta sa aka loda buhunan dabino. Da ya kama ƙofa zai shiga sai ta ce, "Ba nan ba. Hau baya. Ka zauna inda babu abin da za ka lalata."

Ya yi dariya yana zaton wasa ne. Ta tsaya tana kallonsa har dariyar ta mutu. Babban mutum, mai mata da ƴaƴa, da rigar buro da takalmi mai ƙyalli, ya hau kan buhunan dabino a gaban baƙi. Haka muka dawo Tamanrasset, yana baya rana na gasa shi, ita tana gaba ta naɗe hannu. Na so in roƙa masa, na dubi fuskarta na fasa. Bai ƙarasa hutun ba ya koma, ya kuma yi shekaru bai tako garin ba. Ita kuwa ta yi kwanaki tana bin maiƙon da ruwan ɗumi da ɗan sabulu mai laushi kafin ya fita. Ba ta kira shi ba. Sai dai lokaci lokaci ta ce da ni, tana kallon wani wuri, "Wancan na birni, an ce yaransa lafiya?" In ce lafiya. Ta ce, "Ban tambaye ka ba."

Na san hukuncin ya yi tsauri. Amma akwai abin da shi ya sani game da uwarsa wanda ya kamata ya hana shi kiran kayanta tsumman ƙauye. Ba ita ta gaya mini ba, mahaifiyata ce. Lokacin da Gwaggo ta biyo mijinta zuwa ƙasar nan, a saman babbar motar kaya ta zo daga Agadez, shi yana jariri. Babu rumfa, babu inuwa, kwana da kwanaki. Ta cire mayafinta ta yi masa tanti da shi, ta sunkuya a kansa tun safe har yamma. Da suka sauka fatar kafaɗunta da ta wuyanta ta saluɓe, ta yi wata tana kwana a kife. Shi ko ƙurji bai yi ba. Matan da suka yi mata wankan gawa sun ce tabon yana nan.

Tablon nan da ko liman bai isa ya ɗora wa carbi ba, sau ɗaya na ga an ɗora masa ƙafa, kuma ita ta ɗora. Muna dawowa daga kasuwa da azahar muka ga taro a bakin wani gini da ake yi. Wani magini ne, mutumin Maradi, magidanci, ƙarfe ya tsaga masa ƙwauri, jini na zuba. An tsayar da taksi ya fi a ƙirga, kowane direba ya ga jinin, ya ji ba shi da takardun zama, sai ya ja motarsa. Cikin masu kallo har da ƴan kasuwarmu, suna ta cewa sannu daga nesa, hannuwansu a aljihu. Gwaggo ta ce in tsaya. Ta sauko, ta ture mutane, ta dubi ƙafar, ta fizge saƙin kakarmu daga kan tablo ta ɗaure masa ƙwaurin da shi tamau. Ta sa aka zaunar da shi a kujerarta, aka kwantar da kujerar baya, ta kama ƙafar da hannunta ta ɗora a kan tablon don jinin ya rage gudu.

Mutumin ya san ta, ya san labarin motar. Yana nishi yana cewa, "Hajiya, zan ɓata miki wuri."

Ta ce, "Ka riga ka ɓata. Rufe mini baki ka riƙe ƙafar nan sama."

Daga nan har asibiti tana bayansa, hannunta a kan ɗaurin, bakinta bai huta ba. Wane irin magini ne zai hau gini da silifa. Ƴaƴa nawa ya baro a gida. In ya mutu wa ya bar wa su, ita? Ko da muka isa ya manta da ciwon saboda faɗa. Ta tsaya a kansa har aka ɗinke, ta yi magana da wanda ya kamata a yi magana da shi kan rashin takardunsa, ta sa matata ta riƙa kai masa abinci har ya taka. Saƙin ya wanku ya koma wurinsa, amma jinin ya shiga ramukan iska, ta yi safiya da yawa tana bin sa da burushi, ban kuma ji ta ambaci maganar ba ko sau ɗaya. Ranar jana'iza maginin nan ya sa kafaɗa a makara tun daga ƙofar gida, bai bari an karɓe shi ba har bakin kabari. A wajen zaman gaisuwa bai ce komai ba game da halinta. Ya yi addu'a ya koma aikinsa.

Ciwon ƙafa ne ya fara kayar da ita, sannan sauran jiki ya biyo. Da tsayuwa ta gagara sai ta sa a fito mata da kujera bakin rumfar mota. Ranar farko ta daɗe da ƙyallen a cinya kafin ta miƙo mini. Shekarun da na yi ina tuƙa ta, ranar na fara taɓa tablon da hannuna. Ban yi rabi ba ta ce, "A hankali. Hannunka kamar na mai dakan gero." Gobe ta ce na bar ruwa a ƙyallen. Jibi ta ce na tsallake lungun agogo, alhali daga inda take zaune ba a hango shi. Na duba, na tsallake ɗin. Ba ta taɓa cewa na yi daidai ba. Abin da ya fi kusa da yabo shi ne ranar da ta dubi aikin ta ce, "To, ba za a kai ka kotu ba."

Ana saura ƴan kwanaki ta rasu ta ce mu ɗauke ta mu zaunar da ita a kujerar gaba. Ba inda za mu je, motar na cikin rumfa. Ta ɗage saƙin, ta shafa tablon da tafin hannu daga gefenta har inda hannun ya kai, ta mayar da saƙin. Ta ce, "Ku mayar da ni ciki, na gaji." Ba ta ƙara fitowa ba.

Bayan sadakar bakwai ɗanta ya ce hutunsa ya ƙare, motar kuma ba ta da amfani a wajensa. Gadonsa ce, ba ni da ta cewa. Ya sa na tuƙa shi zuwa filin da ake cinikin motoci a bayan gari. Dillalai suka kawo wani dattijo daga Tazrouk, mai garka da awaki, wanda ya yi zama a Agadez har Hausa ta zauna a bakinsa. Ya duba inji, ya duba tayoyi, ya leƙa ƙasa. Sannan ya buɗe ƙofa ya ɗage saƙin. Motar ta tsufa, fentinta ya koɗe, amma tablon baƙi ƙirin, babu tsaga, babu tabo, kamar ranar da aka fito da ita. Dattijon ya kira abokin tafiyarsa da yarensu na Tamahak, shi ma ya zo ya leƙa.

Ya ce, "A garin nan motar ta zauna?"

Yaya ya ce, "A nan."

"Wa yake kula da ita haka?"

Yaya ya gyara tabarau. Ya ce, "Ni. Kowace safiya da hannuna, kafin in karya. Haka na tashi, ba na son ƙazanta. Rana ba ta taɓa ganin wurin nan ba saboda ni." Ya juyo yana murmushi. "Shofer, ko ba haka ba?"

A lokacin ina da mata da ƴaƴa uku a ɗakin da ke cikin gidan da ya zama nasa. Motar da nake ci da ita ga ta ana sayarwa. Ya riga ya ce zai bar ni a ɗakin in riƙa kula masa da gidan. Abin da ake nema a wajena kai kawai zan gyaɗa. Na dubi hannunsa, mai laushi, da zobe.

Na ce, "Ba haka ba ne, Yaya. Mahaifiyarka ce. Ita ta goge shi kowace safiya tun ranar da ta saye ta har ƙafa ta hana ta tsayuwa. Ba ka garin nan."

Dattijon ya dube shi, kallo ɗaya, sannan ya kawar da kai kamar wanda ya ga abin da bai kamata a gani ba. Ya tambaye ni yaushe ta rasu, na gaya masa. Ya ɗaga hannu ya yi mata addu'a a tsakiyar filin, abokinsa ya shafa, dillalan ma suka shafa. Yaya ya tsaya hannuwansa a ƙasa, ya rasa ko ya ɗaga ko ya bari. Aka yi cinikin. Dattijon ya mayar da saƙin da kansa kafin ya tayar da motar.

A taksi muka koma. Da yamma ya aiko yaron maƙwabta ya gaya mini in nemi wurin zama kafin arba'in. Ko wannan bai iya faɗa mini da bakinsa ba.

Na shiga ɗaki na gaya wa matata duk yadda aka yi. Gwaggo ta sa ta kuka ba sau ɗaya ba, a kan gishirin miya, a kan shanya, a kan tarbiyyar yara, na ɗauka za ta ce na jawo mana. Ta saurara har na gama. Ta tashi ta jawo akwati daga ƙarƙashin gado ta fara ninke kayan yara. Ta ce, "Da ka gyaɗa masa kai, da ni kaɗai zan haɗa kayana."

Yanzu muna haya a wata unguwa can gefen gari, ina tuƙa motar yashi a wajen masu gini. Allah Ya jiƙan Gwaggo, Ya yafe mata abin da harshenta ya yanka, Ya saka mata abin da hannunta ya rufe. Ta sha rana a duniya, Allah Ya yi mata inuwa a inda ta tafi.